Launin Bayan Gilashi

Litinin, 15 ga Mayu, da hantsi

Littafin nan na saye shi ne don rubuta awon alluna da haɗin fenti, amma yau bakina na ƙaiƙayi kuma ba wanda zan ba labari. Shekara goma sha huɗu ina fenti a Madawa. Na yi rubutu a goshin manyan motoci, na zana kaza a bangon masu gashi, kawunan da ke ƙofar masu askin garin nan rabi nawa ne. Ba a taɓa kira na in yi wa ruwa fenti ba sai yau.

Alhaji Abdoulkadir, wanda ya dawo daga Abijan ya gina otel a bakin gudiro, babbar hanyar kwalta, ya sa an kawo masa wani akwatin gilashi. Tsawonsa mutum zai kwanta ciki ya miƙe ƙafa har a samu saura. Akwariyom suke ce masa. Wai za a zuba ruwan gishiri, a sa duwatsu da kifaye masu launi da murjani. Ni murjanin da na sani na wuyan mata ne. An ce wannan mai rai ne, yana ci, yana fushi, in kuran, wato wutar lantarki, ta ɗauke ya mutu. A Madawa fa, inda mata ke wuni a famfo kan bido biyu, jarkokin ruwa! Na yi dariya har Alhaji ya harare ni.

Mai kula da abin Umaru ne, ɗan Buza, ya yi shekara sha ɗaya a shagon kifin ado a Abijan. Siriri ne, ba ya dariya, yana lallaɓa gilashin kamar jinjiri. Aikina shi ne in sa wa gilashin baya launi, don mai kallo ya ga ruwa, kada ya ga bango da tiyo da wayoyin wuta.

"Malam Mahfuzu, wanga ba bango ba na," in ji shi. "Ta waje za ka shahwa, bayan gilashin. Abin da kas shahwa da hwari shi mutane ka gani ta gaba. Na biyu da na ukku suna baya, ba mai ganinsu. Kuma in anka cika shi anka jingina ga bango, ba mai iya matsa shi."

Na ce masa ni ba lekol na zo ɗaukar darasi ba, ya nuna mini inda zan wanke hannu kawai.

Hafizu bai turo komai ba, yau kwana shida. Ƙanena ne, autanmu. Shekara biyu yana Libiya yana aikin shimfiɗa karo, wato tayil, a gidajen mutane, Inna da ƙanwata Habsa a Tamaske abin da suka sani ke nan. Ni kaɗai ya gaya wa zai shiga jirgin ruwa ya ƙetara Italiya, ya ce in rufe bakina sai ya sauka. Na ce masa wawa ne, sannan na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban ce kada ya tafi ba.

Talata, 16 ga Mayu, bayan La'asar

Na goge bayan gilashin da alkol, irin na asibiti, sau biyu, yadda Umaru ya ce. Na zauna ina cin ƙosai sai saƙon murya ya shigo. Ba lambar Hafizu ba ce. Isufu ne, ɗan unguwarmu a Tamaske, tare suka shirya tafiyar.

Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in.

Sun fi ɗari da suka shiga, jirgin ya kife. An tsamo goma sha tara an mayar da su gaɓar Libiya, shi yana ciki. Ya ce bai ga Hafizu cikin waɗanda aka tsamo ba. Bai gani ba, haka ya ce. Jirgi ba ɗaya ba ne a teku. Wani zai iya tsintar mutum ya wuce da shi wata ƙasa, inda ba waya, ba wanda ke jin Hausa.

Na tuna na miƙe tsaye. Na tuna na dafa wani abu. Daga nan na buɗe gwangwanin bulu, irin na ƙofofin butik, wato shago, na shafe gilashin tas ban tsaya ba.

Laraba, 17 ga Mayu, da safe

Ban kira Tamaske ba.

Alhamis, 18 ga Mayu, da rana

Ina isa otel Umaru ya ce, "Kewayo ta gaba ka gani."

Na kewayo. Bulun ya kwanta sumul ko'ina, sai a tsakiya, sama kaɗan, akwai hannu. Tafi da yatsu biyar a buɗe, fari-fari, kamar wani yana cikin ruwan ya dafa gilashi yana so a buɗe masa.

"Ka taɓa shi da mai ga hannu," in ji Umaru. "Fenti ba shi kama mai."

Na sani. Man ƙosai ne, hannuna ne, shi na dafa ranar Talata. Ƙaramin yatsan a karkace yake, to mu duka 'ya'yan Baba haka namu yake, ni da Habsa da Hafizu. Na ɗora hannuna a kai don in tabbata. Da dama na dafa ta baya, amma ta gaba sai da na ɗora hagu ya yi daidai, tafi da tafi. Na janye da sauri. Gilashin sanyi gare shi, ga kilim, na'urar sanyaya ɗaki, tana busawa, ni kuwa gumi har cikin ido.

Na ce wa Umaru abu ne mai sauƙi, zan ƙara shafi.

Juma'a, 19 ga Mayu, bayan masallaci

Habsa ta kira ta ba Inna waya.

"Yayan su Habsa, kun yi magana da ƙanenka?"

"Rezo na, Inna. Gidan da suka aiki yanzu bayan gari yake, ba rezo, waya ba ta kamawa."

"To madalla. Ya ce kahin shuka shina gida. Na hidda mishi iri, damin nan na bara mai dogon kai. Kak kowa shi taɓa mishi gamana, shi ka shuka abinai."

Gamanar ita ce 'yar gonarsa ta kansa, a gefen gonar gidanmu wajen tudu. Dutse ne zalla kafin ya sa hannu. Rani biyu yana jera duwatsu don su tare ruwa, yana haƙa ramuka yana zuba taki, mu muna masa dariya. Daminarsa ta ƙarshe a gida, ta fi ta gandu kyau.

Na ce to, Inna. Na ce ina nan ina ta aiki. Na tambayi akuyoyi.

Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa yi mata ƙarya mai nauyi ba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda ta fito mini a sauƙaƙe.

Asabar, 20 ga Mayu, da La'asar

Shafi na biyu da safe. Na uku bayan Azahar, mai kauri, har yana zuba ƙasa.

Ta baya ba komai, bulu ne lafiyayye, ko mai sayen mota ba zai ga aibi ba. Ta gaba yana nan. Ya ma fi fitowa, don yanzu haske ba ya ratsa gefensa. Na kewaya baya, na kewayo gaba, ya fi sau goma, har matar da ke sharar otel ta tambaye ni ko wani abu na yar.

Duk rayuwata abin da na iya ke nan. Bango ya ɓaci, ka ƙara shafi. Mai shago ya sake suna, ka ƙara shafi. Umaru ya gaya mini tun ranar farko, kunnena ya ji, hannuna ne bai ji ba.

Lambar Hafizu: a kashe.

Lahadi, 21 ga Mayu, da Magariba

A kashe.

Litinin, 22 ga Mayu, da yamma

Kankarewa. Umaru ya ba ni reza guda biyar ya ce in kwantar da bakin, kada in tsaye shi, in na karce gilashin Alhaji zai karce mu duka. Fentin yana fita dogo-dogo. Ƙarar rezar a kan gilashi tana shiga har haƙori.

Na fara daga gefe na yi ta zagaye. Azahar ta yi, saura tsakiya. La'asar ta yi, saura wuri kamar faifai, da hannun a cikinsa. Na je na sha ruwa. Na dawo na wasa reza da ba ta bukatar wasawa. Umaru ya kawo shayi ya tsaya kusa da ni.

"In kankare maka?"

Na ce masa ya kula da tiyonsa. Ban kyauta ba, amma haushi nake ji, na kowa da kowa. Na sa reza, ja uku, ya fita. Na tattara ɓawon fentin a hannu na rasa inda zan zuba. Yana cikin aljihun rigata har yanzu.

Laraba, 24 ga Mayu, da hantsi

Yau rigima aka yi kan launi, ni ina tsaye kamar wanda aka zo sayarwa.

Umaru baƙi yake so. Ya ce shi masu sana'ar ke sawa, murjani yana haskawa a kansa, tiyo da famfo su ɓace, ido ya ga kamar ruwan ba shi da ƙarshe. Ya ce bulun da na shafa da farko ya yi kama da bangon makewayin tasha, kuma datti kore zai fito a kansa kowa ya gani.

Alhaji ya buga sanda a ƙasa. "Baƙi? Otel nig gina ko kushewa? Ni teku nika so, irin ta Basam, can kusa da Abijan, inda nika kai yara ran Lahadi. Bulu mai daɗi. Mahfuzu, kai ka san teku ai?"

Na ce iyakata Yamai, kogin ma ta kan gada na gan shi.

"To duba cikin waya."

Na duba. Hoto ɗari, launi ɗari. Na rufe da na fara ganin hotunan jiragen roba.

Alhamis, 25 ga Mayu, bayan Azahar

Alhaji ya tafi Ƙwanni, Umaru ya ce mu gwada baƙin a ɓoye. Bai sa ni buɗe fenti ba, baƙar leda ya manna a baya ya ce in tsaya ta gaba in duba.

Gaskiyarsa, bango ya ɓace. Amma baƙi a bayan gilashi madubi ne. Na ga mutum a ciki, daga ƙirji zuwa kai, yana kallona daga cikin duhu. Na rame kwanan nan, kumatuna sun faɗa, ban yi aski ba. Mutane sun sha cewa ni da Hafizu ba ma kama, ni na ɗauko Baba shi ya ɗauko Inna. Ƙarya suke.

Na yage ledar. Umaru ya ce lafiya? Na ce baƙi ba zai yi ba, Alhaji ya riga ya faɗa.

Ban iya cin abinci ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Asabar, 27 ga Mayu, da safe

An ce an yi ruwa a Galma jiya. Allah ya sa kada ya isa Tamaske tukuna. Ka ji addu'ar ɗan manomi.

Lahadi, 28 ga Mayu, da La'asar

Habsa ta kira, ba ta ba Inna ba. Na ji ta fita waje, akwai kukan jaki kusa.

"Yaya, uwar Isufu ta daina shigowa gidanmu. Jiya mun haɗu bakin rijiya, ta ɗauke kai awa ba ta gan ni ba. Mi ke akwai?"

"Mata da rigimarku. Ni ina zan sani?"

"Kai ma muryarka ba taka ba ta."

Na ce fenti ne ya kama mini maƙogwaro. Na ce Hafizu ya turo gaisuwa ta bakin wani, ya ce wayarsa ce ta faɗa cikin siminti. Ban san daga ina wannan ta fito ba. Ta ce to, Allah shi sa.

Ashe uwar Isufu ta sani. Kenan rabin unguwa sun sani, suna jiran babban ɗa ya buɗe baki, don ba wanda zai riga ni shiga ɗakin Inna da irin wannan. Ni kuwa ina nan ina haɗa bulu da fari a murfin gwangwani.

Talata, 30 ga Mayu, da rana

Na yanko gutsattsarin gilashi wajen mai tagogi, ina gwada launi a kansu, na jera a gindin bango. Goma sha ɗaya. Umaru ya ƙi, ko Alhaji ya ƙi, ko ni na ƙi.

Na shiga tambayar duk wanda ya taɓa ganin teku. Direban da ke ɗauko kaya daga Kwatano ya ce toka-toka ce, kuma wari take. Mai shayin tasha, da ya yi dako a Legas, ya ce kore ce. Limaminmu ya gan ta ta tagar jirgin sama a hanyar Makka, ya ce kamar kwanon rufi sabo. Kowa da tasa, kuma duk daga waje suka gan ta. Akwatin nan kuwa ba saman ruwa yake nunawa ba, cikinsa yake nunawa.

Alhaji ya ce in ban gama ran Asabar ba zai ɗauko mai fenti daga Ƙwanni, don duwatsun da za a sa ciki sun taso. Shekara sha huɗu ba a taɓa karɓe mini aiki ba.

Mutum ɗaya na sani da ya ga cikinta. Kwana goma sha huɗu ban amsa masa ba.

Laraba, 31 ga Mayu, da Magariba

Na danna lambarsa, na kashe kafin ta shiga.

Alhamis, 1 ga Yuni, bayan La'asar

Na kira Isufu. Na zauna bayan otel inda injin wuta yake, don kada kowa ya ji. Ya ɗauka tun bugu na farko. Mun gaisa. Ya fara cewa "Yaya Mahfuzu," na katse shi.

"Tambaya guda nika yi maka, ta aiki ta. Ruwan nan, wane launi gare shi?"



"Launi kaka tambaya ta?"

"Launi. Ba na bisa ba, na ciki."

Ya ja numfashi. "In ka sa kai ciki ka buɗe ido, bisa haske na, tsanwa-tsanwa, awa ka duba rana ta cikin kwalbar lemu. Ƙasa da shi bulu. Bulun na ta yin duhu, na ta yin duhu, har ba ka iya ce mishi launi. Ba layi tsakani, haka suka shiga juna."

Ina rubutawa a bayan hannuna da biro. Tsanwa, bulu, duhu.

"Jar rigar ƙwallo ke jikin Hafizu," in ji shi. "Hannu guda ina riƙe da bido, guda ina riƙe da shi. Mun daɗe hakanan. Sai yas suɓuce man. Na sa kai ciki na gan shi. Jan ya koma baƙi tun bai yi nisa ba. Yaya, na so in hwaɗa maka tun ran nan, bakina ya ƙi. Ka yahe man."

Na ce na gode. Haka na ce, kamar ya nuna mini hanyar kasuwa. Yana kuka na ce masa ya ci abinci, ya dawo gida in ya samu mota.

Injin yana ta ƙara. Na zauna har aka kira Magariba.

Juma'a, 2 ga Yuni, da hantsi

Na fara tun bayan Asuba, kafin zafi ya riƙa busar da fenti. Na wanke hannu da sabulu har gwiwa. Alkol sau uku. Ban ci komai ba.

Gwangwani huɗu na buɗe: fari, tsanwa, bulu, baƙi. Dole a yi shi a shafi ɗaya tun yana ɗanye, launi ya shiga launi, don abin da ya fara taɓa gilashi shi ne ke nan. Ni ina baya ba na ganin abin da nake yi, Umaru ya tsaya ta gaba yana zame mini ido.

"Ƙasa kaɗan. Akwai layi nan, narke shi. Hagu. Ƙara duhu."

Sama na sa tsanwa mai ruwa-ruwa da fari. Na gangaro da bulu. Daga tsakiya na riƙa ɗiga baƙi a cikin bulun kaɗan-kaɗan. Da na iso ƙasa sai da na durƙusa, kuma a nan ne abin ya zo mini. Na yi ta shafawa ina kuka, ina goge fuska da kafaɗa don kada hannu ya taɓa. Umaru ya daina magana. Na ji shi ta cikin gilashi ya ce, "Ya isa. Kak ka ƙara komi."

Na kewayo. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kuma ba na son ganinsa.

"Ka taɓa nutso?" in ji Umaru.

"An ba ni labari."

"Wa?"

Na gaya masa. Shi ne mutum na farko da na furta wa da bakina. Ya yi salati, ya cire hularsa ya mayar.

"Tsohuwa ta sani?"

Na girgiza kai.

"Malam Mahfuzu, aikinka ya ƙare nan. Sauran shafi biyun ni ka yi. Tahi gida."

Asabar, 3 ga Yuni, da rana

Ban tafi ba. Na ce sai na ga ya bushe.

Alhaji ya zo ya tafa hannu. "Basam ke nan! Wallahi nan nika zama da yara." Ya kira baƙin otel su gani. Na ce masa na gode.

Litinin, 5 ga Yuni, da yamma

Maza takwas suka jingina shi da bango. Umaru ya zuba farin yashi, ya jera duwatsu masu huji-huji, ya haɗa ruwan da ya tace da gishirin buhu, ya kunna famfo da fitila. Kifi da murjani sai bayan wata guda, wai sai ruwan ya nuna. Yanzu ba kowa a ciki. Ruwa ne kawai yana motsi, haske yana rawa a kan yashi. Ba mai iya taɓa bayansa kuma.

An yi ruwa a Tamaske jiya, mai yawa, har ƙorama ta kawo. Habsa ta turo saƙon murya, ranta a ɓace. Kowa ya fita shuka, an gama gonar gandu. Inna ta ɗauke irin Hafizu ta sa a ɗakinta ta ce ba mai taɓawa, ƙasa za ta jira shi kwana biyu. "Kai ka iya da ita, yi mata magana," in ji Habsa.

Ban amsa ba.

Laraba, 7 ga Yuni, da hantsi

Na je tasha da jakata. Na samu wuri a motar Keita, kusa da taga. Ina zaune ina jera maganar. Inna, a yi haƙuri. Inna, Allah ya yi ikonsa. Inna, na sani tun kafin ya shiga. Saura mutum biyu mota ta cika na ce zan kewaya, na sauka, na bi ta bayan masu lemu na dawo ɗaki.

Matsoraci ne ni. Ban san haka ba sai bana.

Alhamis, 8 ga Yuni, bayan La'asar

Ina otel ina tattara gwangwanayena mai gadi ya ce ina da baƙi. Inna ce da Habsa. Tun safe suka taso, ta Keita da Buza, laka har idon sawu. Inna ba ta taɓa zuwa Madawa ba tun da na zauna a nan. Ta cire takalma a ƙofa don kada ta ɓata wa mutane karo.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, amma ba ni take kallo ba.

"Wanga mi ne?"

"Teku na, Inna. Ƙarami. Ni niy yi mishi launi."

Ta matsa kusa har numfashinta yana taɓa gilashi. Ta dubi sama inda yake haske, ta bi shi da ido a hankali har ƙasa.

"Irin wanda ke kusa da inda ƙanenka yake?"

"Irinai."

"Ga yashi nan gaba. Amma can baya ban ga inda mutum ka taka ba."

"Babu, Inna."

Sai na faɗa. Duk abin da na jera a mota ya gudu, na faɗe shi tsirara: jirgin, da ranar, da Isufu, da cewa na sani tun kafin ya shiga ban hana shi ba, da kwana ashirin da uku da na yi ina mata ƙarya. Na ce Hafizu ya rasu. Habsa ta kurma ihu ta zube a ƙasa, tana dukan ƙafata tana cewa rezo, rezo kac ce muna. Ban kare ba.

Inna ta yi Innalillahi sau uku. Ba ta zauna ba, ko da Umaru ya kawo kujera. Ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta ce masa, "Ɗana, buɗe man bisa."

Ya ɗaga murfin. Gajera ce, sai da ta yi ɗage. Ta tsoma yatsa ta kai baki. Fuskarta ta yamutse, ta goge harshe da bakin mayafi.

"Ba shi shawuwa."

"A'a, Inna," in ji Umaru. "Ba a sha nai."

"Duk ruwan ga." Ta sake duban gilashin. "Ashe da ƙishirwa yat tahi."

A nan muryarta ta karye. Na riƙe ta, ban san rabon da in taɓa jikinta ba, ba nauyi ko kaɗan. Ta yi kukanta a hankali, ta gama, ta share ido. Ta sunkuya ta ɗaga Habsa.

"Tashi. In mun koma ki wanke babbar randa, a aje ta ƙohwar gida da moɗa. Kowa yab biyo shi sha, baƙo da ɗan gari. Kak a bari ta bushe ko wuni guda."

Motar Tamaske da sassafe take tashi. Na ce wa Inna ni zan cika randar.